Ɗana Ya Wuce Shekara Biyu Bai Fara Magana Ba, Ina Zan Fara Kai Shi?

Assalamu alaikum Anti. Ɗana na fari yana da shekara biyu da wata huɗu, amma har yanzu ba ya faɗin komai sai "ba-ba" da "mma", kuma ko su ba na jin mu yake nufi. Wani lokaci in na kira shi ya juyo, wani lokaci kamar da bango nake magana. In yana son abu sai ya ja hannuna ya kai ni wurin. Tafiya da gudu kuwa lafiya lau. Da aka haife shi ya yi shawara, mun kwana shida a asibiti an sa shi ƙarƙashin wutar nan mai shuɗi. Hajiya, mahaifiyar maigidana, ta ce babansa ma sai da ya shekara uku ya yi magana, kuma tana so a kira wanzami ya duba ko linzami ne. Yayata da ke Amurka ta ce kada in ƙara kwana ban kai shi an duba shi ba. Na samu wata cibiya a Instagram, sun ce in biya naira dubu ɗari huɗu na wata uku, har da wani maganin ƙwaƙwalwa da suke shigowa da shi daga waje, kuma sun tabbatar mini zai yi magana kafin wa'adin ya cika. Maigidana ya ce in na tabbata zai nemo kuɗin. Ni kuma ban tabbata ba. Me zan yi?

Wata uwa daga Kano

Wa'alaikumus salam, ƙanwata. Allah Ya raya mana wannan yaro, Ya buɗe bakinsa da alheri. Zan fara da gajeriyar amsa domin hankalinki ya kwanta kafin in shiga bayani: kada ki biya cibiyar nan ko sisi a yanzu, kada a kira wanzami, kuma kada ki zauna jiran shekara uku. Abin da yaronki yake buƙata a makon nan shi ne a gano abin da ya sa bakinsa ya yi nauyi, domin jinkirin magana alama ce kamar zazzaɓi, abubuwa dabam-dabam ne ke kawo shi, kuma kowanne da hanyar da ake bi masa. Wanda ya yanka miki farashin magani tun bai san ciwon ba, ciniki yake yi da ke.

Hajiya ba ƙarya ta yi ba. Akwai yaran da suke jinkirin magana sannan su kamo tsaransu da kansu, kuma abin yakan bi jinin gida. Matsalar ita ce babu mai iya kallon yaro ɗan shekara biyu ya rantse cewa yana cikin waɗanda za su kamo, kuma shekarun nan uku na farko su ne lokacin da ƙwaƙwalwa ta fi saurin ɗaukar harshe, saboda haka watanni takwas ɗin da za ki jira ba ƙaramin abu ba ne a rayuwar wanda duka-duka watanninsa 28 a duniya. Ma'aunin da likitocin yara ke amfani da shi a bayyane yake: yaro ɗan shekara ɗaya yana gwaranci, yana ɗaga hannu ya yi bankwana, yana juyowa in an kira sunansa, ɗan wata 18 yana da 'yan kalmomi banda mama da baba, kuma yana nuna abu da yatsa domin ki gani, ɗan shekara biyu yana haɗa kalma biyu, kamar "ba ruwa" ko "Abba tafi". Ɗanki bai kai ma'aunin wata 18 ba tukuna. Wannan ya isa dalilin a duba shi, ba tare da an ce ga abin da ke damunsa ba.

Jimla ɗaya ce a wasiƙarki ta sa na gyara zama, kuma na lura kin rubuta ta ne kamar a wucewa: ya yi shawara yana jariri, har aka kwantar da ku kwana shida. Abin mamaki da Hausa, kalmar da kika zo nema a wurina ita ce sunan ciwon da nake so ki fara faɗa wa kowane likita da za ki gani. Yawancin jariran da suka yi shawara suna warkewa babu wata illa, musamman waɗanda aka sa a wuta da wuri kamar naki. Amma idan sinadarin nan da ke sa ido da fata su yi ɗorawa, wanda likitoci ke kira bilirubin, ya yi yawa sosai a jinin jariri, daga cikin wuraren da ya fi saurin taɓawa akwai jijiyar da ke ɗaukar sauti daga kunne zuwa ƙwaƙwalwa. Yaron da hakan ta same shi ba lalle ya zama kurma gaba ɗaya ba. Yana iya jin ƙarar babur da bugun ƙofa, amma magana ta riƙa zuwa masa a dame, kamar rediyon da tasharsa ba ta zauna ba, wata rana ya ji da dama-dama, wata rana ya kasa. Ki sake karanta abin da kika rubuta game da kiran sunansa. Ban ce wannan ne ke damunsa ba, ban gan shi ba kuma ba a gano irin wannan ta wasiƙa, amma shi ya sa gwajin ji ya zama matakin farko, kafin komai da kowa.

Kada ki yarda da gwajin gida, wato a tafa hannu a bayansa ko a buga kwano a ce ai ga shi ya juyo. Yaro mai ƙarancin ji gwani ne wajen lura da inuwa da motsin iska da girgizar ƙasa, kuma iyaye da yawa sun shafe shekaru suna ruɗin kansu da wannan. Gwajin asibiti iri-iri ne. Akwai wanda ake kira OAE, ana saka wani ɗan toshi mai laushi a kunne, na'ura ta aika sauti ta saurari amsar da can cikin kunnen ya mayar, cikin 'yan mintuna an gama. Akwai wanda ake auna motsin dodon kunne domin a ga ko ruwa ya taru a bayansa, abin da ke yawan faruwa ga yara bayan mura, yana rage ji ba tare da zafi ko zubar ruwa ba. Sannan akwai ABR, wanda ake yi yaro yana barci: a manna masa 'yan wayoyi a goshi da bayan kunnuwa, a sa masa sauti, kwamfuta ta zana yadda jijiyar ji ke kai saƙo. Ba ya ciwo, ba a huda ko'ina. Ki riƙe wannan da kyau: yaron da shawara ta taɓa masa jijiya yana iya cin gwajin OAE sumul, domin kunnen kansa lafiyarsa ƙalau, sai ABR ne zai tona matsalar. Saboda haka in an yi na farkon aka ce ku tafi komai daidai, ki ce da ladabi, "Likita, ya yi shawara mai ƙarfi yana jariri, ina so a yi masa na barcin ma." Ki kuma faɗa musu in an yi masa allurai a kwanciyar nan, ko ya taɓa yin sanƙarau, ƙyanda, ko zazzaɓin da ya kai shi ga jijjiga, domin duk suna cikin abubuwan da ke taɓa ji.

A Kano, hanyar da ta fi miƙewa ita ce ki fara da likitan yara, a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, ko Asibitin Murtala, ko Asibitin Yara na Hasiya Bayero, ki nemi a rubuta miki takardar turawa zuwa sashen kunne, hanci da maƙogwaro. In aka ce na'urar ba ta aiki ko layin ya yi nisa, Kaduna ba ta da nisa, kuma can ne Cibiyar Kula da Lafiyar Kunne ta Ƙasa take, wadda aikinta kenan. A ƙasashen da ake gwada jin kowane jariri, ƙa'idar ita ce a yi gwajin kafin ya cika wata 1, a tabbatar da matsala kafin wata 3, a fara taimaka masa kafin wata 6. Yawancin jariranmu ba a yi musu wannan, don haka ba sakacinki ba ne da ba a yi wa naki ba, amma ya nuna miki dalilin da ya sa yayarki ke gaggawa.

Ganin likitan yaran shi kansa yana da yadda za ki shirya masa, domin a asibitin gwamnati likita yana da mutane da yawa a layi, kuma yaro a baƙon wuri ba ya nuna halinsa na gida. Ki tafi da katin rigakafi da takardar sallama ta lokacin haihuwa in tana nan. Ki ɗauki gajerun bidiyo uku ko huɗu a wayarki: kina kiran sunansa daga baya ba ya ganinki, yana wasa shi kaɗai, yana tare da wasu yara, yana neman wani abu a wurinki. Ki rubuta a takarda duk sautin da yake furtawa da umarnin da yake ganewa ba tare da kin nuna da hannu ba, misali "kawo takalminka". Kuma ki tuna sosai ko akwai kalmar da ya taɓa iyawa sannan ya daina, domin komawa baya ya bambanta da jinkiri, kuma likita zai ɗauke shi da muhimmanci na daban.

Dubawa ta gaskiya tana ɗaukar lokaci. Za a tambaye ki tun daga goyon ciki da naƙuda, ko ya yi kuka da aka haife shi, yaushe ya zauna, yaushe ya taka. Za a auna nauyinsa da tsawonsa da zagayen kansa, a duba ko yana da ƙarancin jini ko alamun tamowa, a tambayi ko yana yin wani irin ɗauke ido ko sandarewa. Sannan a zauna a kalle shi: yana haɗa ido, yana nuna abu da yatsa domin ya ba ki labari, yana kwaikwayon ki kina shara ko kina waya, yana kawo miki abin wasa ki gani? Jan hannun da kika ambata yana cikin abin da za a yi miki tambaya a kai, domin yaron da ba ya ji sosai yana yi, yaron da ke da otizim ma yana yi, abin da wasu kafofin labarai ke kira galahanga, kalmar da ni ba na so saboda yadda ake jifan yara da ita. Akwai wata takardar tambayoyi 20 mai suna M-CHAT da aka tsara domin yara 'yan wata 16 zuwa 30, ɗanki yana cikin wannan tsakani, kuma Ƙungiyar Likitocin Yara ta Amurka tana ba da shawarar a tantance kowane yaro a wata 18 da wata 24. Takardar tana nuna wanda ya kamata a ƙara dubawa ne kawai, ba ta yanke hukunci. Duk wanda ya kalli yaronki minti biyar, ko ya kalli bidiyonsa ta WhatsApp, ya laƙaba masa suna, ki ɗauki jakarki. Haka kuma wanda ya fara da tura ki hoton ƙwaƙwalwa mai tsada tun bai yi miki tambaya goma ba. Ana yin hoton kai da gwajin wutar ƙwaƙwalwa idan akwai dalili, kamar farfaɗiya ko komawa baya ko wani abu da likita ya gani a jiki, amma ba su ne ake gano jinkirin magana da su ba.

Abin da yayarki take nufi wani tsari ne da dokar Amurka ta kafa tun 1986 domin yara daga haihuwa zuwa shekara uku. Uwa tana iya kiran ofishin jiharta da kanta ba sai likita ya tura ta ba, a duba yaron kyauta, kuma cikin kwana 45 a zauna da iyaye a rubuta tsarin taimakon da za a yi masa, a riƙa sake duba tsarin duk bayan wata shida, yawancin aikin kuma a gida ake yin sa ko inda yaron ya saba wuni. Mu ba mu da ofishi guda da zai haɗa miki wannan, ke ce za ki zama ofishin, kina ɗauke da fayil daga wannan sashe zuwa wancan. Amma abubuwa uku na cikin tsarin nasu ba sa buƙatar dala: a duba kafin a fara, a rubuta abin da ake son cimma, kuma a koya wa iyaye. Da su za ki auna duk wanda ya ce zai yi aiki da ɗanki.

Idan sakamako ya fito, shi zai faɗa miki wanda za ki nema. In ruwa ne a bayan dodon kunne, aikin likitan kunne ne. In ƙarancin ji ne na dindindin, maganar na'urar ji ce wadda masanin ji zai auna ya saita daidai kunnensa, ba irin wadda ake saye a kanti ba, tare da koyon magana, kuma kada ki ji tsoron maganar hannu, domin ba ta hana yaro magana da baki, tana ba shi harshe ne a lokacin da ya fi buƙatarsa. In jinkirin harshe ne kawai ko otizim, ƙwararre a fannin magana da harshe shi ne kan gaba, wani lokaci da mai horar da yara ayyukan yau da kullum, irin su cin abinci da riƙe abu da jure hayaniya. Masu gashi, wato likitocin fisiyo, su suka fi yawa a asibitocinmu kuma aikinsu babba ne ga yaron da wuyansa bai tsaya ba ko ya kasa zama da tafiya, amma naki yana gudu, don haka in aka sa miki gashi a cikin lissafi ki tambayi dalili. Masana magana ba su da yawa a Arewa, gaskiya ce mai ɗaci, kuma wannan ƙarancin ne ya buɗe ƙofa ga duk wanda ya yi kwas na mako biyu ya buɗe shafi a intanet. Akwai hukumar tarayya mai suna MRTB, wadda aka kafa a 1988, ita ke yi wa masu gashi da masana magana da masana ji da masu horar da ayyukan yau da kullum rajista. Ki tambayi wanda zai zauna da ɗanki, shi kansa ba mai cibiyar ba, me ya karanta, a ina, kuma yana da lasisin hukumar? Mai ilimi ba ya jin haushin wannan tambayar.

Na taɓa raka 'yar ƙanwata wata cibiya da take kai ɗanta. Wuri ne mai kyau, ga sanyin na'ura, ga zanen dabbobi a bango. Muna shiga wata ma'aikaciya ta karɓi yaron daga hannun uwarsa, ta shiga da shi ɗaki ta rufe ƙofa, mu kuma muka zauna a kujera muna jin kukansa ta bango har kusan minti arba'in. Da aka fito da shi aka ce mana, "Yau ya yi ƙoƙari." Na tambayi uwar me ake koya masa, ta ce ba ta sani ba, ba a barin iyaye su shiga wai don kada yaro ya shagala. Wata huɗu kenan tana biya, babu takarda ko ɗaya a hannunta da ta nuna inda aka fara da inda aka dosa. Tun ranar na tsayar wa kaina ƙa'ida, kuma ita nake ba ki: ɗakin da ba za a bar uwa ta shiga ba, ba a barin yaron da ba ya iya magana a cikinsa. Yaron da ba zai iya dawowa ya ce miki an dake shi ko an ɗaure shi a kujera ba, idonki ne kaɗai kariyarsa.

Akwai kuma dalilin lissafi. Ɗanki yana farke kamar awa 12 a rana, wato awa 84 a mako. Ko da kin samu ƙwararren da ya fi kowa, kina kai shi sau biyu a mako, awa biyu kenan, saura 82 suna hannunki da na babansa da Hajiya da yaran gida. Saboda haka masanin kirki yana kashe rabin lokacinsa ne a kanki. Wadda 'yar ƙanwata ta koma wurinta daga baya, a kan tabarma take zama, kuma abin da ta fara koya wa uwar shi ne yadda za ta ba yaron kunu. Ya ja hannunta zuwa kofin kamar yadda ya saba, sai ta durƙusa har fuskarta ta zo daidai tasa, ta ɗaga kofin kusa da bakinta, ta ce "kunu" sau ɗaya a fili, sannan ta yi shiru tana ƙirga biyar a zuciya. In ya dube ta, ko ya miƙa hannu, ko ya yi wani ɗan sauti ko da "u" ne, nan take ta ba shi, ta sake cewa "kunu". Kaɗan take zubawa, domin ya shanye ya sake nema, a samu damar maimaitawa sau biyar a zama ɗaya. Ba a hana shi har ya yi kuka, ba a ce masa "ka ce kunu" ana matsa masa. Shirun nan na ƙirga biyar shi ya fi ba uwar wahala, domin mu iyaye mun saba biya wa yaro buƙata tun bai nema ba, musamman ɗan fari. Irin wannan koyarwar ce Hukumar Lafiya ta Duniya ta gina wani shiri na horar da iyayen yara 'yan shekara 2 zuwa 9 a kanta, saboda ta san ƙasashe irin namu ba su da isassun ƙwararru. Kina iya fara wannan yau da daddare, ba sai kin jira sakamakon komai ba, a wurin wanka da sa kaya da cin abinci.

Ki nemi a rubuta miki manufa a takarda da kalmomin da za ki iya aunawa da kanki. "Inganta sadarwa" ba manufa ba ce. "Nan da wata uku zai riƙa nuna abin da yake so da yatsa, ya kuma yi amfani da kalma ko alama biyar" ita ce manufa, domin ranar da wata ukun suka cika ke da masanin za ku iya zama ku ce an samu ko ba a samu ba, in ba a samu ba a canza dabara. Ki kuma kula da harshen da ake aiki da shi. Na ga inda aka gwada yaron da bai taɓa jin komai ba sai Hausa da katunan Turanci masu hoton tufa da dusar ƙanƙara, aka rubuta cewa bai san sunayen abubuwa ba. Wasu cibiyoyin har suna cewa iyaye su daina yi wa yaro Hausa wai harshe biyu na rikita shi. Wannan kuskure ne. Jin harshe biyu ba ya jawo jinkirin magana, kuma yaron da aka yanke daga harshen kakarsa da 'yan'uwansa an rage masa mutanen da zai koyi magana a bakinsu. Ki yi masa harshen da ya fi zama a bakinki, wanda kike masa waƙa da rarrashi da shi. In masanin ba ya jin Hausa, to dole ke ki zama bakinsa a cikin ɗakin, wanda ya sake dawo da mu kan maganar ƙofa.

Game da cibiyar da kika samu, ban san su ba kuma ba zan ce ga niyyarsu ba, amma abubuwa biyu da suka faɗa miki sun ishe ni. Babu masanin da ya san aikinsa da zai ba da tabbacin ranar da yaro zai yi magana, balle yaron da ba a gwada jinsa ba. Kuma babu wani magani, na sha ko na allura, na gida ko na waje, da aka tabbatar yana sa yaro magana ko yana warkar da otizim. Likita yana iya ba da maganin ƙarin jini in jinin ya yi ƙasa, ko maganin farfaɗiya in akwai ta, wannan daban. Amma kwalbar da ba ki san abin da ke cikinta ba, ana sayar da ita a wurin da ake koyar da magana, kada ta shiga bakin ɗanki kafin likitan yara ya karanta jikinta. In bayan an gama dubawa kin ga suna da ma'aikaci mai lasisi, sun yarda ki zauna a ɗakin, sun yarda su rubuta manufa, to ki biya na zama-zama ko na wata ɗaya, ki gani. Kuɗin da maigidanki zai nemo ya fi amfani a ajiye shi, domin in ta tabbata na'urar ji ake buƙata, a nan ne za a neme shi, kuma wannan tafiya ce ta shekaru, gara wurin da za ku iya jure kuɗinsa da nisansa a kan wanda zai ƙarar da ku cikin wata uku.

Sai maganar Hajiya, wadda nake so ki bi a hankali, domin jikanta ne kuma ƙauna ce ta sa take neman mafita. Linzami, wato ɗan naman da ke ɗaure harshe ta ƙasa, yana iya wahalar da jariri wajen kama nono, kuma wani lokaci yana shafar yadda ake furta wasu haruffa, amma ba ya hana yaro sanin kalmomi, ba ya hana shi juyowa in an kira shi. Yanka a bakin yaro da aska a gida yana iya jawo zubar jini da shigar ƙwayoyin cuta, ciwon kuma ya hana shi cin abinci. Kada ki yi musu da ita ke da kanki. Ki bar maigidanki ya ce mata za a sa likita ya duba linzamin a asibiti, wanda gaskiya ne, ɗaga harshe kawai zai yi ya gani. In da hali ku tafi da ita ranar ganin likitan, domin tsohuwar da ta ji bayani da kunnenta takan zama mai tsaron tsarin fiye da kowa, kuma ita ta fi ku lokacin zama da yaro tana masa tatsuniya da wasan "ina ido, ina hanci". Addu'a kuwa a dage da ita, ga ta Annabi Musa, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, a cikin Suratu Ɗaha, inda ya roƙi a warware masa ƙullin harshensa domin a fahimci maganarsa. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a ce a dakatar da asibiti sai an gama wani abu, ko a yi wa yaro hayaƙi da ɗure.

Za ki ji wasu na cewa allurar rigakafi ce ta jawo. Wannan zance ya samo asali ne daga wata maƙala da aka buga a Ingila a 1998, wadda mujallar da ta buga ta ta janye a 2010, aka kuma soke lasisin likitan da ya jagorance ta. Ki cika masa rigakafinsa, domin ƙyanda da sanƙarau su ne ke kurmantar da yara da gaske. Waya kuma a rage ta ƙwarai. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ɗan shekara biyu kada ya wuce awa ɗaya a rana gaban allo, ƙasa da haka ya fi, kuma bidiyon da ake cewa yana koyar da magana ba ya jiran yaro ya ba da amsa kamar yadda ke za ki jira.

Ki roƙi maigidanki ya ɗauki hutun rana ɗaya ku je tare, ku yi sammako saboda layin kati, ki tafi da abincin yaron da zanen goyo. In an ba ku ranar gwajin barcin, ki tambaya tun da wuri ko za a ba shi maganin barci ko so ake ki hana shi barcin safe ya zo a gajiye, da kuma ko zai ci abinci kafin a fara. Ki sayi fayil guda ki riƙa adana kwafin kowace takarda, kada ki bar wa kowa ta asali. In sakamakon gwajin jin ya fito, ki sake rubuto mini abin da aka rubuta a kai, da abin da ya yi a daren farko da kika riƙe kofin kika ƙirga biyar.